Hannun Ernest Makanike

Maigidana Ernest makanike ne a ƙofar gidanmu da ke unguwar Herwagana, an san shi da gyaran a-kori-kura. A ƙarƙashin irin motar nan akwai sandunan ƙarfe biyu masu ɗauke da nauyin gabanta, a murɗe suke kamar wankin da aka matse. Yakan ce ba a kwance su sai an ɗaga mota da jak, an sassauta noti a hankali har ƙarfen ya saki.

Lokacin da arzikin fetur ya shigo gari, Alhaji Wakili ɗan kwangila ya kawo tasa motar, gabanta ya zauna saboda lodi. Ranar kuwa wani maƙwabci ya ari jak ɗinmu.

"Malam Anas, siminti na jirana a tasha," in ji Alhaji. Haka yake kiransa, bai taɓa koyon sunan ba. "Shiga haka nan mana, ko tsoron ƙarfe kake?"

Ernest ba ya iya musu da babba, sai ya shiga ƙarƙashin motar. Ina tsakar gida ina surfe na ji ƙarar. Ƙarfen ya ƙwace, ya murƙushe masa wuyan hannun dama.

Alhaji ya leƙa ƙarƙashin motarsa kafin ya dubi mutumin. Ya ce Allah ya kyauta, ya sa aka ja ta zuwa wani gareji.

Hannun ya ɗoru a karkace. Ernest bai sake riƙe sifana ba, gadi ya yi har Ubangiji ya kira shi. Fasto ya ce in gafarta wa Alhaji. Ina ƙoƙari, amma har yau ban kai ba.