Zanen Malam Muktari, Ƙofar Dodo

Shekara goma sha tara Malam Muktari yana koyar da lissafi a wata sakandare a Tawa, amma in aka ce "ɗan gidan Attahiru na Barmou", ƙanensa Dodo mai walda ake nufi. Abin yana ci masa tuwo a ƙwarya. Shi da ya yi boko har Yamai, a ce an fi sanin wanda da ƙyar yake rubuta sunansa? Ko ƙofa ya gani mai kyau a gari, sai ya kau da kai, don ya san hannun wa ke ciki.

Darasin da Malam ya fi ji da shi shi ne na sarrafa siffa. Sai ya ja layi biyu masu gicciye a allo, ya ɗora siffa, a matsar da ita, a juya ta, a kife ta kamar a madubi. Gargaɗinsa kullum ɗaya ne: juyawa kafin kifewa daban, kifewa kafin juyawa daban. Wanda ya sauya jerin, siffarsa ta kalli wani wuri.

Da dattawan Barmou suka ba Dodo aikin ƙofar sabon masallacin unguwarsu, Malam ya yi tsalle ya ce shi zai yi zanen. So yake, ko sau ɗaya, a ambaci sunansa a garin ubansa. Ya zana ganye guda a takarda mai gida-gida, ya rubuta matakai da sauri, ya karanta wa Dodo: a juya, sannan a kife, ganye takwas su haɗu su zama fure.

Dodo ya yanki irin ganyen a kwali, ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannunsa.

"Yaya, haka kac ce?"

"Haka nic ce. Kai dai ƙona ƙarfe, bar mini tunani."

Ranar da aka kafa ƙofar, furen ya fito cif, ba ganyen da ya kauce. Liman ya kama hannun Malam a gaban jama'a yana cewa ilimi ya yi rana. Dodo na gefe yana cewa, "Abin da Yaya yaz zana shi niy yi." Malam ya koma Tawa kansa kamar ya taɓa sama.

Ran Litinin ya kai takardar aji don ya nuna wa ɗalibai lissafi a ƙofar masallaci. Ya bi matakansa a allo ɗaya bayan ɗaya. Ganyen suka ba juna baya, fure ya ƙi haɗuwa. Ya goge, ya sake, haka dai. Da ya fara kifewa kafin juyawa, sai ga furen Barmou.

Ashe Dodo ya ga kuskuren tun ranar, a tafin hannunsa, ya gyara bai gaya wa kowa ba.

Har yau a Barmou "ƙofar Malam" ake ce mata. Shi kuwa in ya je gida, ta ƙaramar ƙofar gefe yake shiga salla.