Warin Sholisho a Rigar Ɗana

A shekarar da gidajen rediyo suka tasa maganar shaye-shayen matasa a gaba, ɗana na fari yana koyon facin taya a bakin titi, can Tudun Ƙofa. Kullum da hantsi ina tsintar shinkafa, mai shirin zai fara: iyaye ku duba idon yaranku, ku shinshina tufafinsu. Mutane su yi ta bugo waya, wannan ya ce an kama wasu a kango, wancan ya ce na unguwarsu ya haukace. Ni dai ban ga ko ɗaya da idona ba, amma har na kai in an taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi.

Wata rana maƙwabciyata ta shigo da waya a hannu, ta nuna mini bidiyon samari suna shaƙar tsumma.

"Kin gani? Sholisho ne. Ke da naki yake wuni da shi a hannu, ai sai addu'a."

Na ce, "Kayan aikinsa ne, da shi suke liƙe faci."

Ta ce, "To ai da haka ake farawa, maman yara."

Ran wanki na ɗauki rigarsa, warin ya bugi hancina. Warin da na saba ji ne tun da ya fara zuwa, amma ran nan sai da na nemi wuri na zauna. Da ya dawo na ce ya matso in ga idonsa. Ja ne kuwa.

Ya yi dariya. "Umma, a hayaƙin mota fa nake wuni. Ko so kike in riƙa sa kwalli?"

Na kasa dariya. Na faɗa wa mahaifinsa a hankali, don dai ya sa ido. Ashe su ma a majalisarsu zancen ke nan kullum. Bai tambayi yaron komai ba, ya ce daga gobe ba sauran faci.

Ubangidansa na wurin facin ya zo har ƙofar gida, ya rantse ko sigari bai taɓa gani a hannun yaron ba. Maigida ya ce ya gode, amma ya riga ya yanke.

An ɗauki wani a gurbinsa. Nawa kuwa yanzu da safe ya karya, ya fita, ba shi da wurin zuwa. Da can na san inda yake tun safe har magariba. Yanzu in na tambaye shi ina za shi, sai ya ce, "Nan waje," ko juyowa ba ya yi.