Ranar da Baba Ya Ga Shuka Ta Rama

Da ƙyar na riƙe hannun Baba jiya, saura ƙiris ya zuba wa sabuwar shukata taki.

Venus flytrap ake ce mata, 'yar mitsitsiya, ganyenta kamar buɗaɗɗen baki mai haƙora. Ranar Asabar na sayo ta na ajiye a barandarmu a garin Greenbelt, nan ƙasar waje. Shi kuwa Baba, wata biyu ke nan da zuwansa daga Kafanchan, ba abin da ya burge shi a ƙasar nan. Kullum zancensa gona da komawa gida.

Na ce, "Baba, mai sayarwa ya ce taki kashe ta yake yi. Ko ruwan famfo ba ta so, sai na sama."

Ya harare ni. "Yau ke za ki koya mini noma? To me take ci?"

Kafin in buɗe baki, ƙuda ya sauka a kan ganye ɗaya. Ya ɗan zagaya ciki, sai ganyen ya rufe ruf.

Baba ya cire hula. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ikon Allah! Shekara hamsin ƙwari suna cinye abin da na shuka. Yau na ga shuka ta rama."

Da safen nan na iske ya jera robobina a baranda yana jiran hadari, kamar yadda muke tarar ruwan sama a gida. Ko sau ɗaya bai ambaci tafiya ba.

Ashe ba a gama ganin duniya. Ku fa, me ya taɓa sa tsohonku cire hula?