Ramin da Muka Cike da Hannunmu

Jiya da ruwan farko ya sauka, ƙamshin jar ƙasa ya shigo mini har ɗaki, sai na ji raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ina 'yar shekara goma. A unguwarmu ta Birketeri ba mu da wurin wasa. Gida manne da gida, lungu kuwa kwata ta raba shi biyu. A kan titi muke tsallen igiya, maza suna buga ƙwallon tsumma, har ranar da taksi ta take ƙafar ƙanena. Da ɗingishi ya girma.

Bayan gidanmu akwai wani tsohon rami da aka ce laka ta bulo aka haƙa a ciki. Kakata, wadda ke tuyar ƙosai a bakin hanya, ta je ofishin hukumar gari sau uku tana roƙon a cike shi yara su samu fili. Kullum sai a ce ta dawo gobe. Da ta gaji, sai ta ɗauki kwanon wanki ta fara zuba ƙasa da kanta. Kunya ta kama unguwa. Teloli suka rufe shago, mahauta suka zo da baro, mu yara muna jido da gwangwani. Rani guda muka yi, wuyan Kaka har ya kumbura.

Kai, mun yi gudu a filin nan! Ko ƙanena ya samu tsaron gida a wasan ƙwallo.

Wata huɗu kacal muka yi muna wasa a ciki. Ranar wata Litinin ma'aikatan hukumar suka zo da waya suka kewaye shi, suka kafa allo cewa su suka gina wa matasa filin wasanni. Aka sa mai gadi. Ba mai shiga sai da farin takalmin tenis da takarda daga lekol, wato makarantar boko. A lungunmu yara nawa ke da takalmin? 'Ya'yan ma'aikata ake kawowa a mota, mu muna leƙe ta waya.

Kaka ta ja hannuna muka je, don ni ce mai jin Faransanci. Muka tarar da wani jami'i mai taye a bakin ƙofa.

Ta ce mini, “Gaya masa ƙasar da yake takawa, a kaina na ɗauko ta. Ya buɗe, ko ya mayar mana da raminmu.”

Na dubi takalminsa mai ƙyalli. Na ce masa da Faransanci, “Kakata tana gaishe ka.”

Ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu, ya shige.

“Me ya ce?”

“Ya ce zai duba.”

Har ta rasu tana cewa mutumin nan ya ji magana ya ƙi. Ban taɓa gaya mata ba.

Yau wurin wankin mota ne. Jikokina suna zaune a ɗaki da waya a hannu, a rediyo kuma manyan gari suna yi wa iyaye faɗa, wai mu bar yara su motsa jiki. A ina? Yanzu in an kira taron unguwa da jami'ai, nakan zauna a layin gaba, kuma ba na barin kowa ya fassara mini.