Mai ɗori a bakin filin ƙwallo

Jiya a Hunkuyi na tarar da ɗana Nasiru yana buga ƙwallo ba takalmi, a gonar da aka girbe, guntayen karan dawa tsaye kamar ƙusoshi.

A gefe kuma Malam Garba mai ɗori na zaune kan tabarma.

Muka gaisa, na ce, "Baba, ashe kai ma kana son ƙwallo?"

Ya ce, "Ina fa, 'yata! Zuwa na yi in rage musu nisa."

Na yi dariya, amma duk sanda aka kayar da Nasiru sai na runtse ido.

Mun samu mai ɗaure ƙafa, mun rasa mai share fili. Iyaye, a garinku wa ke duba inda yara ke wasa?