Garin Ƙarfafa Ƙashi na Macizan Maigida

Ka taɓa ganin wadda ke ɗaukar maganin ciwonta tana kai wa maciji? Ga ta nan a kasuwar birnin Masaya, haƙoranta uku, bayanta a tanƙware, kwandonta ɗauke da kwalaben garin ƙarfafa ƙashi biyar. Da alama a gidan kiwon macizai take aiki, tana barbaɗa garin a kan ɓerayen da macizan ke ci don ƙwansu ya yi ƙwari.

Mai shago ya tsokane ta da zancen macizan, ya ce, "Doña Casilda, a gaida jikokin naki!"

"Jikokin ubanka dai! Su ke da likita, ni sai addu'a."

Ta waiga, ta dangwali garin da ya zube a tebur, ta lashe. Sau biyu.

Gwada miƙa wa maciji abin da ƙashinka ke nema, ka ga ko kai ma ba za ka lasa ba.