Baba Da Kwandunan Sharar Layinmu

Ina fitowa daga gida da safe, sai ga Baba cikin babbar riga yana jan kwandunan sharar maƙwabta zuwa tsallaken titi. Satinsa biyu kacal da zuwa unguwarmu Plumstead, nan ƙasar Turawa, daga Kano.

Na ce, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri! A nan ba a taɓa kayan mutane."

Ya nuna wani ƙaramin allon dutse a jikin bango, wanda kwandunan suka rufe. "Kabari ake jibga wa shara?"

Na karanta masa. Ba kabari ba ne, sunayen mutanen da jirgin balan-balan na Jamus ya kashe da bam ne lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har da jaririya. Shekarata shida a layin nan, ban taɓa lura ba.

Baba ya ce, "A nan ransu ya fita? To, an gama magana."

Kullum maƙwabta su mayar da kwandunan, shi kuma ya janye. Har takardar gargaɗi aka saƙala mana a ƙofa, hankalina ya tashi.

Ranar Asabar wata tsohuwar Baturiya ta tare shi. Na ce shi ke nan, sai 'yan sanda. Ashe jaririyar nan ƙanwar kakarta ce. Ta tsaya nan ta wanke maƙwabtan tas.

Yau kwandunan suna bayan gida, allon kuma fes, ga furanni. Baba sai yi mini kallon "ka gani?" yake.

Ku gaya mini, da ku ne, da kun hana shi kamar yadda na so?